Ba dare ɗaya Hoyeon Jung ta zama jaruma ba

Ranar 17 ga Satumban 2021 kamfanin Netflix ya saki Squid Game, fim mai dogon zango na Koriya ta Kudu. A ranar, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, Jung Ho-yeon, wadda duniya ta fi sani da Hoyeon, tana da mabiya kusan dubu 400 a Instagram. Kafin wata ya zagayo sun haura miliyan 15, ta sha gaban duk wata 'yar fim ta ƙasarsu, har da irin su Song Hye-kyo da aka shafe sama da shekara 20 ana damawa da su. Wannan ne kuma fim na farko da ta taɓa yi. Tun daga lokacin, duk inda aka ɗauko zancenta da wannan lissafi ake buɗewa, a ƙarƙare da cewa ai dare ɗaya Allah kan yi Bature.

Wannan labari na dare ɗaya yana damuna. Ba gaskiya ba ne, kuma yana cutar da matasan da ke sauraren sa, domin yana koya musu cewa ɗaukaka a harkar fim sa'a ce da yawan mabiya. Ko a Kannywood an daɗe ana ƙorafin cewa wasu masu shirya fim sun fi duba yawan mabiyan yarinya a TikTok fiye da iya wasanta. Rayuwar Hoyeon, in aka bi ta daki-daki, hujja ce a kan masu wannan tunani, amma sai ga shi da ita suke kafa hujja.

An haife ta a Seoul ranar 23 ga Yunin 1994. Tana 'yar shekara 16 ta shiga sana'ar tallan kayan ƙawa, kuma ta yi shekara biyu babu kamfanin da ke tsaya mata, ita ke nema wa kanta aiki a makon baje kolin tufafi na Seoul. A 2013 ta shiga gasar talabijin ta masu wannan sana'a a ƙasarsu, ta zo ta biyu. Wata da ta samu haka sai ta zauna gida ta ci gajiyar sunan da ta yi. Ita kuwa a 2016 ta tattara ta nufi New York, inda babu wanda ya san ta, Turancin ma bai zauna a bakinta ba. Ta rina gashinta ja wur, wanda ya zama shaidarta, kuma a shekarar kamfanin Louis Vuitton ya ɗauke ta ta yi masa tallan kaya a Paris. Daga nan sai Chanel, Fendi, Miu Miu da sauransu. Zuwa 2018 tana cikin mata 50 da aka fi ji da su a wannan sana'a a duniya.

Na san akwai mai karatun da zai ce mene ne abin yabo a sana'ar da mace ke fitowa da suturar da tarbiyyarmu ba ta yarda da ita ba. Ni ma ba zan yi wa 'yata sha'awarta ba, kuma ba tallan sana'ar na zo yi ba. Amma ƙin abu daban, sanin yadda yake daban. Sau biyu a shekara, wajen Fabrairu da Satumba, ake jera makon baje koli a New York, Landan, Milan da Paris, wannan na ƙarewa wancan na farawa. Yarinya za ta wuni tana bin layi daga wannan ofis zuwa wancan, a ce ta taka daga nan zuwa bango ta dawo, a ƙare mata kallo na minti ɗaya, a ce "za mu neme ki". Sau da yawa ba a nema. In an ɗauke ta, ba a buƙatar muryarta ko ra'ayinta, tsawonta da fuskarta ake haya. Kuma kasuwar ba ta da amana: wadda ake rububi bana, baɗi an samu sabuwa. Hoyeon da bakinta ta sha faɗa cewa lokacin da ta ga aikin ya fara ja baya, kaɗaici ya dame ta a ɗakunan otal da cikin jirgi, sai ta duƙufa kallon fina-finai da karatun littattafai, daga nan sha'awar wasa ta shige ta. Ta fara ɗaukar darasin wasan kwaikwayo a lokutan hutunta.

A farkon 2020 ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin 'yan fim a Seoul. Ba a jima ba, tana New York wajen baje koli, aka aiko mata da wani yanki na rubutun Squid Game aka ce ta ɗauki kanta a bidiyo ta turo. Kwana uku ta yi tana fama da shi, barci sai ɓarawo. Darakta Hwang Dong-hyuk ya ga bidiyon ya ce yana son ganinta ido da ido, ta bar aikin da ke gabanta ta hau jirgi ta koma gida. Shekara goma cur ke nan da fara sana'arta.

Matsayin da aka ba ta shi ne Kang Sae-byeok, mai lamba 067 cikin mutum 456 da bashi da talauci suka kora shiga wasan mutuwa don cin won biliyan 45.6, kuɗin Koriya ta Kudu. Yarinya ce da ta tsero daga Koriya ta Arewa. Mahaifinta ya mutu wajen tsallaka kogi, an kama mahaifiyarta a China an mayar da ita, ƙaninta yana gidan marayu, ita kuma tana yankan aljihu don ta tara abin da za ta biya dillalin da zai fito da uwar. Hoyeon 'yar Seoul ce haihuwa da girma, ba ta san wannan rayuwa ba. Sai ta zauna da malami ta koyi karin harshen mutanen Arewa, ta kalli shirye-shiryen da aka yi a kan waɗanda suka tsero, ta riƙa rubuta littafin sirri kullum da muryar Sae-byeok, kamar ita ce ke ba da labarin kwananta.

Akwai abin da mai kallo da fassarar rubutu ba zai kama ba, amma 'yan Koriya sun kama shi nan take. A gaban mutane Sae-byeok da harshen Seoul take magana, a taƙaice, ba ta yarda bakinta ya tona asalinta. Sai ta je gidan marayu ta zauna kusa da ƙaninta, sannan harshen gida ke fitowa. Duk wanda ya taɓa zama baƙo a garin da ake raina mutanensu ya san wannan ɓoyo. Sai kuma kashi na shida, wasan ƙwallayen gilashi, inda aka haɗa ta da wata yarinya Ji-yeong, dole ɗaya ta mutu. Maimakon su yi wasa, sai suka zauna a kan matakala suna hira har lokaci ya kusa cika. A nan Sae-byeok ta faɗi cewa tana son zuwa tsibirin Jeju. Da Ji-yeong ta saki ƙwallonta da gangan don ta faɗi, fuskar da ta daure tun farkon fim ɗin ta warware: ta cakumi yarinyar tana mata tsawa ta sake jefawa, muryarta na rawa. Kyau ba ya yin wannan. Mabiya miliyan 20 ma ba sa yi.

To amma masu cewa sa'a ce suna da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe musu baki ba. Fim ɗin ya fito lokacin da korona ta zaunar da mutane a gida. Netflix ya kai shi ƙasashe kusan 190 a rana ɗaya, ya zama na ɗaya a 94 daga ciki. Shi kansa Hwang tun 2009 ya rubuta labarin, ya yi kusan shekara goma ana mayar masa da shi. Da an karɓa tun farko, Hoyeon tana makarantar sakandare, wata ce za ta samu. Haka nan ba a musun cewa siffarta ta buɗe mata ƙofa. A unguwar Daehangno ta Seoul akwai ƙananan gidajen wasan daɓe fiye da 100, cike da matan da suka karanci wasa, suka tsufa a kansa, ba wanda ya taɓa aiko musu da rubutu daga Netflix. Ko cikin fim ɗin, Lee Yoo-mi da ta fito a Ji-yeong ta haura shekara goma tana ƙananan matsayi kafin a san da ita.

Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sa'ar ita ce labarin. Dama ta zo wa mutane da yawa a wannan fim, kuma an sha ganin masu tallan kaya da aka ba babban matsayi suka tsaya kamar an dasa su. Hukuncin da na fi ba nauyi shi ne na ranar 27 ga Fabrairun 2022, da ƙungiyar 'yan fim ta Amurka ta ba ta lambar jarumar shekara a fim mai dogon zango. Wannan lamba 'yan wasa ne da kansu ke jefa ƙuri'a, mutanen da suka san bambancin kyakkyawar fuska da iya aiki. Ta kayar da Jennifer Aniston, Reese Witherspoon, Elisabeth Moss da Sarah Snook. Ta hau dandamali gashinta a kitse da ƙyallen gargajiyar Koriya, tana kuka. A gasar Emmy ta shirye-shiryen talabijin a Amurka ta wannan shekara an sa sunanta amma ba ta ci ba, Lee Yoo-mi ce ta ci a nata rukunin, kuma hakan ya yi mini daidai.

Akwai ɓarna ta biyu da lissafin mabiya ya yi, wadda ta fi ci mini rai. Ya ɗauke idon duniya daga mutanen da Hoyeon ta sha wahalar kwaikwaya. Sae-byeok ƙirƙira ce, amma irinta suna nan da ransu. Sama da mutum dubu 33 suka tsero daga Arewa zuwa Kudu, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Yawancinsu ta kogin Tumen ko Yalu suke tsallakawa China, wadda ba ta ɗaukar su 'yan gudun hijira, in ta kama mayarwa take. Mata da dama a can ake sayar da su a aurar da su dole. Wanda ya tsira sai ya ratsa har Laos ko Tailan kafin ya ga Seoul, ya yi wata uku a cibiyar Hanawon ana koya masa yadda ake amfani da banki da neman aiki, sannan a sake shi cikin mutanen da ke gane shi da zarar ya buɗe baki. A 2019 an tsinci gawar wata da ta tsero tare da ɗanta mai shekara 6 a ɗakinsu a Seoul, babu abinci a gidan, ana kyautata zaton yunwa ce ta kashe su. A 2009 mutum 2,914 suka iso Kudu. A 2021, shekarar da duniya ke ɗinka koren kaya irin na fim ɗin mai lamba 067 tana ɗaukar hoto, mutum 63 kacal suka iso, saboda an toshe iyaka. Mutum nawa cikin masu bin Hoyeon suka san haka?

Ba Hoyeon nake ɗora wa laifi ba. Makonni kaɗan bayan fitowar fim ɗin Louis Vuitton ya naɗa ta jakadiyarsa ta duniya, a Fabrairun 2022 kuma ta zama 'yar Koriya ta farko da ta fito ita kaɗai a bangon mujallar Vogue ta Amurka. Wasu sun ga abin da ban takaici, wadda ta yi suna da wasan matalauciya ta koma tallan jakar da kuɗinta zai ciyar da gida wata da watanni. Amma wannan sana'arta ce tun kafin fim, kuma in ana neman wanda ya kwashi garaɓasa, ba ita ba ce. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 21, rahotanni sun ce Netflix ya ƙiyasta darajarsa da kusan dala miliyan 900, shi kuwa Hwang ya fito ya ce abin da ke cikin yarjejeniyar farko aka biya shi.

Abin da ta yi bayan haka ya ƙara mini ganin girmanta. Mai mabiya irin nata a 2022, da ta so, da ta jera fina-finan soyayya tana jaruma, kuɗi na shigowa. Ba ta yi ba. Ta karɓi ƙaramin matsayi a Disclaimer na darakta Alfonso Cuarón, wanda ya fito a 2024, inda take mataimakiyar Cate Blanchett a ofis, fitowarta ba ta da yawa. Ta kuma shiga fim ɗin Hope na Na Hong-jin, daraktan da aka sani da tsanani da jan lokaci, tare da manya irin su Hwang Jung-min. A tsakanin nan mabiyanta na Instagram sun ragu da miliyoyi, wasu har suna cewa tauraruwarta ta dushe. Ni abin da na gani shi ne mace da ta san matsayi ɗaya ta taɓa riƙewa, ta zaɓi ta zauna kusa da waɗanda suka fi ta ta koya.

Saura kuma a faɗi abin da masoyanta ba sa son ji. Matsayi ɗaya, komai kyansa, bai isa a kira mutum gwani ba. Sae-byeok yarinya ce mai shiru da ɗaurewar fuska, kuma shekara goma na tsayuwa gaban kyamara ba tare da magana ba sun riga sun horar da Hoyeon a kan haka. Ba mu gan ta ta ɗauki fim a kanta daga farko zuwa ƙarshe ba, ba mu gan ta a matsayin mai surutu ko mai ban dariya ko uwa ba, irin matsayin da 'yar ƙasarsu Jeon Do-yeon ta riƙe har ta ci lambar bikin fina-finai na Cannes a 2007. Sai ta yi irin waɗannan za a san ko za a jera sunanta da na irin su Jeon, kuma daraktocin da take zaɓa sun nuna ita ma can ta dosa.