Wai an horar da manoma

Hotunan taron horar da manoman nan da aka yaɗa dai kun gan su, ba sai na sake ɗorawa ba. Kwana biyu a hol ɗin otal, sanyin esi na kaɗawa, majigi na haska ganyen masara a jikin bango, an raba jaka da hula da biro, an yi layi an karɓi satifiket ana ta murmushi, sai kuma aka zo aka rubuta mana da manyan baƙaƙe wai AN HORAR DA MANOMA. Masha Allah. Sannunku da ƙoƙari. Sai mu zauna mu jira kaka mu ga buhu nawa satifiket yake bayarwa a eka ɗaya.

Kuma don Allah ku duba lokacin da aka zaɓa. Tsakiyar damina, ciyawa ta taso, masara na neman taki na biyu, lokacin da manomi na gaske ko ruwa a tsaye yake sha ya koma bakin kunya. To su wa suka cika hol ɗin? Ku zuƙo hoton ku kalli hannuwan da ke riƙe da satifiket ɗin, ni dai mutum uku ko huɗu na gani masu kanta. Ɗaya daga cikinsu Baffana ne, shi ya sa abin ya tsaya min a wuya.

Da ya dawo na ce Baffa me aka koya muku? Ya ce wallahi ɗana mutanen kirki ne, sun karrama mu, har kuɗin mota sun ba mu. Na ce to karatun fa? Ya yi shiru can ya ce an dai yi ta turanci wani yaro yana fassarawa, shi ma yaron da ka ji maganarsa ka san bai taɓa riƙe fartanya ba, ni kuma sanyin ɗakin ya kashe min jiki na yi ta gyangyaɗi. Mutumin da ya shekara sama da 40 yana noma kenan fa, ya san ƙasar gonarsa kamar yunwar cikinsa.

Ba a yi sati ba tsutsar nan ta shiga masararsa, tsutsar da aka haska musu a bango, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take, aka fara ganinta a Afirka a farkon 2016, kafin 2018 har ta kai Indiya. Baffa ya sayi magani ya yi feshi da tsakar rana, ya sake yi bayan kwana uku, tsutsa ko gezau. Sai Allah ya haɗa mu da wani tsohon malamin gona da ya daɗe da ritaya, muka roƙe shi ya zo. Da sassafe ya zo, raɓa ba ta bushe ba. Bai yi wani dogon jawabi ba, ya tattare rigarsa ya durƙusa, ya sa yatsu biyu ya buɗe tsakiyar masara inda sabon ganye ke fitowa, ya ce Alhaji duba nan. Ga kashinta kamar garin katako, ga ta can ƙasa ta naɗe ta yi luf. Ya zaro ta ya ɗora a tafin hannun Baffa, ya nuna masa alamar da ke goshinta kamar harafin Y da aka kifa, da ɗigo huɗu baƙaƙe a wajen wutsiya. Ya juya wani ganye ya nuna masa ƙwai a cure wuri ɗaya, ya murje su da babban yatsa. Ya ce da rana a nan ciki take ɓoyewa, kai kuma saman ganye kake wankewa da magani, in za ka yi feshi ka yi da sassafe ko da yamma kuma ka saita bakin injin cikin wannan ramin, sannan tun tana ƙarama ake cin mata, in ta yi ƙiba ka makara. Ya koya masa yadda zai ratsa gonar yana karkacewa, ya tsaya wuri biyar ya ƙirga masara nawa ta kamu kafin ma ya yanke shawarar sayen magani. Duka-duka bai kai minti 30 ba. Baffa ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce Malam ai da haka aka yi mana.

A gona ake koyar da noma. Iyakar maganata kenan, kuma zan yi ta maimaitawa har ku gaji.

Na san masu zuwa su ce ai da babu gara ba daɗi. Wannan ba ba daɗi ba ne, babu ce aka sa wa babbar riga. Har ma ta fi babu illa, domin yanzu an rubuta a rahoto cewa mutum kaza sun samu horo, an rufe fayil, gobe in amfani bai yi kyau ba sai a ce ai mun koya musu su ne ba sa ji. An ci kuɗin horon, an kuma ɗora wa manomi laifin.

Su kuma masu cewa manoma ba sa son canji, ku ji tsoron Allah. Wa ya kira taron bita kafin manomi ya karɓi maganin ciyawa? Wa ya ba shi satifiket kafin ya sayi injin ban ruwa? A gonar maƙwabcinsa ya gani ya ga ya yi aiki, ya bi. Mutum yana da girbi ɗaya a shekara, abincin 'ya'yansa ne a ciki, kai kuma mai albashi kana so ya yi caca da shi saboda ka nuna masa hoto a bango. Ko kai ne ba za ka yi ba. Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne balle a ce ba a sani ba. Tun 1903 wani Seaman Knapp a jihar Texas ta Amurka ya gane cewa manoma ba sa yarda da gonar gwamnati, sai ya sa wani manomi ya gwada sabuwar hanyar a gonarsa da hannunsa, 'yan kasuwar garin suka ajiye kuɗi cewa in ya yi asara za a biya shi. Bai yi asara ba, riba ya ci, maƙwabta suka gani da idonsu. Irin wannan aikin ne ya bazu har a 1914 suka yi dokar da ta kafa malaman gona a faɗin ƙasar. Shekara ɗari da wani abu kenan, mu kuma muna nan muna neman rimot ɗin majigi.

Ku je ku karanta abin da ya faru a Indonesiya. Feshi ya yi yawa a gonakin shinkafa har ya kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cinye ƙwaron da ke ɓarna, sai ɓarnar ta ƙaru maimakon ta ragu, har a 1986 gwamnati ta haramta magunguna 57 a kan shinkafa. A 1989 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da gwamnatin ƙasar suka fara abin da ake kira makarantar manoma a gona. Babu hol, babu kujera. Mutum wajen 25 su haɗu sau ɗaya a sati tun daga shuka har girbi, a raba fili biyu, ɗaya a noma shi yadda aka saba ɗaya a gwada sabuwar hanya, su shiga da ƙafarsu su kamo ƙwari su zana su a takarda su yi gardama a tsakaninsu wanne ne abokin manomi wanne ne maƙiyi. Ranar girbi a auna a gaban kowa. Ƙasashe da dama sun kwaikwaya. Abin da nake so ku riƙe shi ne tun daga shuka har girbi. Damina guda cur. Ba kwana biyu ba.

Domin abubuwan da ke rage wa manomi amfani ƙanana ne, kuma kowanne da ranarsa. Ranar sayen iri ne ake nuna wa mutum ya ƙirga ƙwaya 100 ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu ya duba bayan sati ya ga nawa suka tsira, kafin ya zuba kuɗinsa da ƙarfinsa a kan mataccen iri. Ranar shuka ake maganar tazara. Ranar taki ake nuna masa cewa yuriya in ka watsa ta a saman ƙasa ka tafi, rana ta buga, wani kaso nata iska yake bi, sai an tona an binne ta ɗan nesa da gindin shuka. Lokacin kaka ake gaya masa kar ya mayar da 'ya'yan irin haibirid, wato irin da aka samu ta hanyar haɗa iri biyu, gona baɗi don ba za su ba shi abin da uwar ta ba shi ba. Ka tattara duk wannan ka juye wa dattijo a kwana biyu cikin sanyi, bayan ya ci ya ƙoshi, ka ce ka horar da shi. Haba jama'a.

Ko buhun nan na PICS mai rufi uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, leda biyu a ciki buhu a waje, wanda ƙwari ke shanye iskar ciki su mutu ba tare da an sa ko ɗigon magani ba, ta yaya ya shiga hannun mutane? Ƙauye-ƙauye aka bi, aka zuba wake aka ɗaure leda ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, aka tafi, bayan watanni aka dawo aka kwance a gaban su ɗin dai. Mutum ya sa hannu ya ɗebo ya ga babu huda. Shi kenan, ba ka buƙatar lasifika.

To da malamin gona ya ɓace wa ya maye gurbinsa? Mai sayar da magani. Shi ne likita shi ne malami, kuma shi kasuwa ya fito, ba zai taɓa ce maka gonarka ba ta buƙatar feshi ba. Shi ya sa za ka ga yaro ya haɗa magani kala uku a tanki ɗaya, ba takalmi ba safar hannu, bakin injin ya toshe ya sa baki ya hura. Shi ya sa ake zuba wa wake guba a ajiye, har a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki. Su sun hana, wanda ya rage kuma cikin wa ya shiga?

Eh na ji, zamani ya canza, akwai waya akwai manhaja. Ban ƙi ba. Hasashen yanayi ta waya abu ne mai kyau, shirin rediyo ma yana da amfani ƙwarai, ni kaina ina saurare. Amma waya ba ta durƙusawa ta buɗe tsakiyar masara. A wuce wannan.

Babu kuɗi? Wannan kam dariya ma yake ba ni. Kuɗin hol da esi da jaka da hula da mai ɗaukar hoto da alawus ɗin manyan baƙi, a lissafa a gani ko ba zai zuba wa babur ɗin malamin gona mai ba tun daga ruwan farko har girbi. Na yarda riƙe malaman gona yana da tsada. Tsarin da Bankin Duniya ya yaɗa daga shekarun 1970, wanda malami ke zagayo wa rukunin manoma duk sati biyu a ranar da kowa ya sani, da bankin ya janye kuɗinsa a wurare da yawa rushewa ya yi, albashi ya gagara, babura suka mutu. Amma in rijiya ta rufta gyara ta ake yi, ba a zana hoton ruwa a bango a ce wa mutane su sha. Habasha ba ƙasa ce mai arziki ba, amma ta ɗauki matasa ta horar ta tura su ƙauyuka, tsarinsu mutum uku a kowace gunduma, na shuka da na dabbobi da na kula da ƙasa da ruwa, da cibiyar horo mai filin gwaji. Suna da nasu matsalolin, amma aƙalla malamin yana kwana kusa da gonar. Shugabannin Afirka kuma tun 2003 a Maputo suka yi alkawarin kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi ga noma, ku tambayi kanku nawa ne suka cika, kuma cikin ɗan abin da ake warewa nawa ke kaiwa ga mutumin da zai taka ƙasa.

Maganar gaskiya, ba ba'a ba yanzu, abin yana ba ni tausayi. Wannan tsohon malamin da ya zo gonar Baffa ya haura 70, idonsa ya fara rauni, abin da ke kansa babu wanda ya zauna ya ɗauka. Ga yara nan sun gama kwalejin aikin gona suna zaune ba aiki. Ga mata, su ne a shuka su ne a girbi su ne a sussuka da ajiya, a hoton nan guda nawa kuka gani, su ma a layin baya aka jera su don hoto ya yi kyau. Da za a haɗa tsohon nan da yara biyar a ba su babur da ɗan fili a gefen hanya inda kowa zai wuce ya gani, wallahi da an ga bambanci a damina biyu. Norman Borlaug, masanin noman da ya ci kyautar Nobel a 1970, da suka fara aikin bunƙasa noma na Sasakawa a Ghana da Sudan a 1986 shi da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, da gonakin gwaji a filayen manoma suka fara. Mutumin da ya fi duk waɗanda suka yi jawabi a hol ɗin nan ilimi nesa ba kusa ba, a cikin gona hotunansa suka fi yawa, hula a kai ƙura a wando.

Wanda ya ji haushi ya ji. Wani har ya biyo ni ta inbos wai ina ɓata wa masu ƙoƙari suna, alhali ban kira sunan kowa ba, in ka ga ka tsargu to kai ka san dalili. Ku shirya na gaba a gona, ku kira ni, ni zan kawo tabarma.

Af, tunda maganar feshi ta taso, bawan Allahn da ya ari injin feshina tun farkon damina ya ce kwana biyu zai yi, na san kana karanta wannan don na ga ka danna min laik jiya. Ba sai na ambaci suna ba. Ka dawo min da shi, kuma ka wanke tankin da sabulu sau uku, don na samu labari maganin ciyawa ka zuba a ciki, ni kuma wake zan fesa.