Ruwan daɗi ko na gishiri?

Wani marubuci ya ce wata tsutsa da ke kama kifin teku ba ta da haɗari tunda ƙanƙanuwa ce. A nan ne ban yarda ba, Malam. Tana maƙalewa ne a jan naman nan da kifi ke numfashi da shi, tana tsotsar jini har wurin ya koɗe. A kejin kiwon kifi na tekun Girka da Turkiyya abin ya fi muni, domin ƙwanta yana da zare mai sarƙewa a raga, kuma ba ta buƙatar wata halitta kafin ta koma jikin wani kifin.

Ni tarwaɗa nake kiwo. 'Yan uwan tsutsar nan na ruwan daɗi, da gishiri muke wanke su, wasu na teku kuwa ruwan daɗi ne ke karkaɗe su. Ikon Allah!