Buhu ake aunawa, an bar jinin mai ci

Duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmar tsintar gyaɗa a Maiwurno ko Gadarif, a Sudan, ya san makomar ƙwayar nan da ta motse, ta yi baƙi, take ɗaci a baki. Mai kyau ta nufi Bur Sudan, a auna ta a loda a jirgi, domin ƙasashen Tarayyar Turai ba sa karɓar gyaɗar ci da gubarta ta haura mikrogiram 4 a kilo (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Tsintar kuwa a kasuwarmu take ƙarewa da araha. Ita ake niƙawa a yi dakwa, ko garin da ake barbaɗa wa agashe.

Aflatoksin ake ce wa gubar. Fumfuna ke fitar da ita a gyaɗa, dawa da masara, musamman idan shuka ta sha fari sannan aka adana amfanin da danshi. Suya ba ta kawar da ita, kuma an tabbatar tana haddasa sankarar hanta. A Kenya, a 2004, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 cikin 'yan watanni.

Awon buhu yana da rauni: gubar kan taru a 'yan ƙwayoyi, mai awo ya ɗebi gefen da ba ta, ya ce lafiya lau. Jini ba ya wannan kara. Gubar na manne wa albumin, wani furotin da ke cikinsa, don haka gwaji ɗaya kan nuna abin da mutum ya ci wata 2 zuwa 3 baya, alhali fitsari kwana ɗaya ko biyu kawai yake nunawa. Da irin wannan gwaji aka gano a Benin da Togo, a 2002, cewa yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su suka fi tsumburewa.

Wani zai ce ana fama da yaƙi tun 2023, wa ke ta gwajin fumfuna? Ai yaƙin ne ma ya sa. Wanda ya gudo daga Jazira hannu rabbana ba ya zubar da hatsi don ya canza launi.

Ba kowa za a jera a ɗebi jininsa ba, tunda babu maganin da za a miƙa masa. 'Yan ɗaruruwa a kowane yanki sun isa, bayan kaka da tsakiyar damina, a gane inda rumbuna suka fi lalacewa. A haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B a jini guda, domin mai ɗauke da shi, in ya haɗa da gubar, haɗarin sankararsa na ninkawa kusan sau 30.