Samari, jikinku yana magana ko da baki a rufe

Shekaranjiya bayan La'asar ina zaune a shagon wani tela a Tudun Wadar Zariya, sai ga wani saurayi ya zo karɓar ɗinki. A bakin ƙofa akwai dattijo, sa'an kakansa. Yaron ya ce "ina wuni, Baba", idonsa na kan waya, kunne ɗaya a toshe da abin jin sauti, hannu cikin aljihu. Dattijon ya ɗago ya dube shi, ya ce "lafiya" a taƙaice, ya koma kan carbinsa. Da za a tambayi yaron nan, har rantsuwa zai yi cewa ya gaisar. Amma abin da dattijon ya karɓa shi ne saƙon jiki, wato "ba ni da lokacinka".

Ƙannena, wallahi abin yana damuna, domin ba mu taso a inda aka jahilci wannan ba. Wa ya manta yadda uwa kan tsawata wa ɗanta a gidan biki da ido kawai, ya ajiye naman da ya ɗauko? Ku tsaya a ƙofar Fadar Zazzau ranar hawan sallah: mahaya su zo a sukwane, su ja linzami, su ɗaga hannu jinjina, kowa ya san an yi gaisuwa ta girmamawa. Tsaki, harara, murguɗa baki, noƙe kafaɗa, miƙa kuɗi da hagu, duk maganganu ne, kuma sukan fi zagi daɗewa a zuciya.

Addininmu bai ɗauki wannan da wasa ba. A Suratu Luƙman, aya ta 18, an hana karkatar da kunci ga mutane da tafiyar taƙama. Wanda ya fi girgiza ni shi ne farkon Suratu Abasa, da ya sauka kan ɗaure fuska ga Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Makaho ne fa, bai ga fuskar ba, duk da haka aya ta sauka. To ina ga mahaifiyarka da take kallon yadda kake yatsina idan ta aike ka?

Sai dai ku yi hattara wajen karanta na wasu. Gaskiya ne labarin zuciya a tambayi fuska, amma alama ɗaya ba ta isa hukunci ba. Wanda ya wuce ka fuska a murtuke wataƙila majinyaci ya baro a asibitin Shika. Mu nan sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, alhali malamin da ya zo daga wani wuri yana koyarwa a jami'a a Samaru zai iya ɗaukarsa rashin gaskiya ko rashin sanin amsa. Idan kana kare aikin bincikenka gaban malamai ko neman aiki, ɗago kai ka dubi mai tambaya, ba tare da zare ido ba.

Da yaron zai fita, telan ya yi masa raɗa. Ya cire abin kunnen, ya sa wayar a aljihu, ya rusuna ya sake gaisuwa. Dattijon ya riƙe hannunsa ya tambaye shi ɗan wane gida ne. Ashe da kakansa suka yi makarantar allo a Kwarbai. Har na tafi sallar Magariba suna hira.