Raka shi gwaji, ka bar yi masa gori

'Yan'uwana matasan Gombe, akwai abin da muke yi a majalisa da ke taimaka wa cutar ƙanjamau yaɗuwa, alhali muna ganin kamar gudunta muke yi. Da an ce wane ya rame, ko an ga wance a layin karɓar magani, sai a fara zunɗe, a janye kwanon tuwo. To wanda ya ga an yi wa wani haka a gabansa, yaushe zai kai kansa gwaji? Ɓuya zai yi, cutar na cinsa, yana kuma raba ta bai sani ba.

Kuma mun san waɗanda haɗarin ya fi kusa da su. Direban da ke shafe makonni yana kwana a tasha, yarinyar da talauci ya jefa zaman kanta, yaron unguwa da ke karɓa-karɓar sirinji ɗaya da abokansa wajen allurar maye. Maganar likita a rediyo ba ta shigarsu, amma ta abokin da suke zama teburin mai shayi tare tana shiga. Kai ne abokin nan. Ka yi masa nasiha ya ji tsoron Allah ya bari, wannan haƙƙinsa ne a kanka, amma kada ka ɓoye masa abin da zai kare ransa da na iyalinsa.

Gaya masa gwajin ɗigon jini ne a yatsa, cikin kamar minti 20 sakamako ya fito. Wanda ya yi kasada jiya, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe, akwai maganin PEP, wanda ke hana kamuwa da cutar bayan abin ya faru, sai dai dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Akwai PrEP, maganin rigakafi da wanda bai kamu ba ke sha tun kafin haɗari, akwai kwaroron roba. Wanda aka samu da cutar kuwa, magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, har da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. In ya riƙe shi har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ba zai sa wa matarsa ba. Mai ciki ma, in tana shan maganinta, tana iya haifar ɗa lafiyayye.

Musabaha, cin abinci tare, cizon sauro, duk ba sa yaɗa ta. Reza da aska dai kowa ya riƙe tasa. Tun 2014 dokar ƙasa ta hana korar mutum daga aiki ko makaranta don yana ɗauke da ita. In kunyar asibitin unguwa yake ji, ka ɗauke shi a babur ku je wanda ba a san shi ba, kai ma ka miƙa yatsanka.