Ɗan shekara biyu ba shi da laifi, iyaye mu kama bakinmu

Assalamu alaikum warahmatullah, iyaye mata da maza na Damagaram da kewaye. Dan Allah ku ɗan ba ni hankalinku.

A gidajenmu babu wanda ya kai yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 shan zagi, alhali shi ne wanda ko sunan laifi bai sani ba. Ya kifar da buta, ya cika kwanon tuwo da ƙasa, ya ja bidon ruwan da aka sayo wurin mai garuwa ya tuntsurar, kuma duk wanda ke zaune Garin Malam ko Karkada lokacin zafi ya san darajar bido ɗaya, don haka ban ce ba ciwo ba, akwai ciwo. Amma abin da ke fita bakinmu a wannan lokacin shi ke tada min hankali. Shege, ɗan banza, Allah wadaranka, wata ma har ta ce Allah ya ɗauke ka in huta. Subhanallah. Ɗan da kika yi wata 9 kina ɗauke da shi! Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mu yi wa kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu mummunar addu'a, kada mu dace da lokacin da Allah ke amsawa. Ke ba ki san sa'ar ba, ni ma ban sani ba.

Ku duba yadda Allah ke raya shi mana. Wajen wata 6 ya fara zama, haƙoran farko na ƙasa su leƙo, daga nan rarrafe, sai ya kama turmi ko gefen gado ya miƙe ƙafafu na rawa, wajen shekara guda ko bayanta kaɗan sai ta-ta-ta, taku biyu ya faɗi daɓas ya kalli fuskarki, in kin yi dariya ya tashi ya sake, in kin zabura ya fashe da kuka. Kafin ya cika shekara 2 ya fara haɗa kalma biyu, ba ni, Baba tafi, a'a. Wannan a'a ɗin da ke ba mu haushi alama ce ta hankali ya fara zuwa. Zuba ruwan nan da yake yi daga kofi zuwa kwano yana maimaitawa, hannunsa da idonsa yake koya wa aiki tare, haka Allah ya halicce shi ya koya, da taɓawa da jefarwa da kai komai baki. Mu muke kiransa ɓarna. Alƙalami an ɗauke shi daga kan yaro har ya balaga, amma namu na nan yana rubutu.

Wasu za su ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma da hannu a hankali ake yi, wanda ya sa ƙarfi karya shi zai yi. Ka janye shi daga murhu, ka ce masa wuta, zafi, ka ɗauke ashana da wuƙa da magunguna zuwa sama, a rufe randa da bokitin wanki domin ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro in ya faɗa da kai. Wannan ita ce tarbiyyar shekarunsa, ba tsumagiya ba.

Annabi (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yana jin kukan yaro a sahu sai ya taƙaita sallah saboda tausayin uwar. Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan ya ce shi 'ya'ya 10 gare shi bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya amsa masa da cewa wanda bai jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. To kai malam da ke fita tun asuba, ka dawo ka wuce fada shan shayi sai yaro ya yi barci, yaushe rabonka da ka ɗora shi a cinya? Magana a bakin mutane yaro ke koyonta, ba a waya ba. Miƙa masa salula don ya yi shiru ba raino ba ne wallahi.

Sai maganar yaye, nan ma muna zalunci ba mu sani ba. Allah ya ambaci shekara biyu cikakku a Baƙara aya ta 233 ga wanda ke son cika shayarwa. Mu kuma rana ɗaya a shafa wa nono abu mai ɗaci, a kai yaro gidan kaka, ya rasa nono ya rasa uwa lokaci guda, ga shi bai saba da abinci ba, daga nan sai zawo da rama, sai tamowa. A fara sabar masa tun daga wata 6, kunun gero mai kauri da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, wake, garin zogale, ƙwai in an samu, a rage nonon sannu a hankali. Kuma a ba shi kwanonsa daban, in ya shiga cikin yayyensa kafin ya kai loma biyu sun cinye.

Kada ki auna ɗanki da na kishiya ko na maƙwabta, wani na riga wani tafiya. Amma in ya kai wata 18 bai taka ba, ko a kira sunansa bai waiwayo ba, ko ya bar abin da ya riga ya iya, a kai shi likita, kada a zauna ana cewa iska ce ko baki. Awo da rigakafi su ma kada a yi wasa da su, da kwana cikin sange.

Wanda ke tsoron baki ga abin da Annabi (SAW) ke karanta wa Hasan da Husaini, Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas: A'uzu bi kalimatillahit tammah, min kulli shaiɗanin wa hammah, wa min kulli ainin lammah. A haddace, a riƙa karanta wa yara safe da yamma.