Ragowar maganin dabbobi a nama da nono

Wani labari ya ce ana samun ragowar maganin ƙwayoyin cuta a nama da nono, amma bai faɗi inda gizo ke saƙar ba: kwanakin jira bayan allura. Oxytetracycline mai dogon aiki, allurar kashe ƙwayoyin cuta wadda makiyaya suka fi saye, mililita 1 ake yi wa kowane kilo 10 na nauyin dabba, kuma yawancin kwalabe sun rubuta a jira kwana 21 zuwa 28 kafin yanka. To, saniya ta ƙi warkewa, sai a ƙara mata allura, jibi a kai ta Kara (kasuwar dabbobi) ko kasuwar Achida da ke jihar Sakkwato don gudun asara. Maganin yana nan daram a ƙoda da hanta da gurbin allurar, kuma gashi ko tafasawa ba ya kawar da shi duka. Yana fita a nono ma, shi ya sa nonon saniyar da ke kan magani kan ƙi yin kindirmo, don maganin ya kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsami. Don Allah 'yan'uwa, a auna nauyin dabba da igiyar awo kafin allura, a rubuta ranar allura, a zubar da nonon har kwanakin da aka rubuta a kwalba su cika. Mahauta kuma su riƙa tambayar ranar kafin ciniki.